Kan Bijimin da Ya Tafi Poli

A shekarun da aka fara zabtare albashi, kowa a Garuwa bakinsa "kiriz, kiriz", wato matsin tattalin arziki, ni ne mai kula da kayan dandali a wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Su suna ce mini rejisar. A gidanmu kuwa, gidan mahauta, in aka tambayi Baba sai ya ce, "Yana can yana liƙe-liƙen takarda."

Yawancin 'yan wasan malaman makaranta ne da ma'aikatan kamfanin auduga. Da Faransanci suke wasa, da Fulatanci suke raha. Ina jin duka biyun, amma in suna gwaji a babban zaure, ni ina baya a ɗakin ajiya mai taga ɗaya, tsakanin karyayyun kujeru. Muryoyinsu kawai nake ji ta bango. A haka na haddace wasanni da yawa.

Wata shekara shugabanmu, malamin lise ne, wato sakandare, ya rubuta wasa a kan makiyayin da fari ya cinye wa garke, saura bijimi ɗaya. Ya leƙo ɗakina ya ce, "Ina son kan bijimi wanda mutum zai sa, ya yi kama da na gaske. Ba na saye ba fa." Ya juya.

Na lanƙwasa waya na yi ƙashin kan. Na tsinto buhunan siminti a wajen gini, na jiƙa, na yayyaga, na dama sitacin rogo a tsohuwar tukunyar Inna. A liƙa shimfiɗa ɗaya, a shanya, gobe a ƙara wata. Ɓeraye suka gano daɗin sitacin, sau biyu suna cinye mini hancin, sai na koma rataye shi a rufi. Idanun kuwa gindin kwalba ne da na shafa wa baƙin tukunya ta ciki.

Ƙaho ne ya gagare ni. Na takarda lanƙwashewa yake yi kamar kunnen jaki. Dole na je kwata da sassafe wajen yayana. Ya saurare ni yana wasa wuƙa, sannan ya zaɓo mini dogayen ƙahoni biyu. Bayan kwana uku sai ga shi a ƙofar ɗakin ajiyar, da jini a ƙafar wandonsa. Kafin shi ba wani ɗan gidanmu da ya taɓa taka wurin. Ya daɗe yana kallon kan.

"Kunnen nan ba a nan yake ba," ya ce. "Ƙasan ƙaho yake, ɗan baya kaɗan. Kai ba ka taɓa feɗe kai ba ne?"

"Na taɓa, Yaya."

"To, ka manta."

Ya nuna da yatsa, na gyara. Na ce ya zo ranar wasa. Ya ce ranar kasuwa ce.

Aka gayyace mu garin Poli mu fara nunawa a can. Da safe muka taru a tasha. Ƙaramar bas ɗin ta cika, direba ya ce in aka ɗaure kan a sama, hanya za ta farfasa shi. Ko a bar shi, ko a bar mutum ɗaya. Shugaba ya dubi kan, ya dube ni. Ban bari ya faɗa ba. Na ɗora shi a kujerata, na naɗe ƙahonin da tsumma, na nuna wa ɗan wasan da zai sa shi yadda ake ɗaure igiyar haɓa. Suka tafi.

Na koma ɗakin ajiya na share, na wanke tukunya, na zauna har aka kira azahar. Kwana biyu ina zuwa ina buɗe ƙofa ba don komai ba.

Da suka dawo, kowa na ba da labari lokaci ɗaya. Wai da bijimin ya fito, wani tsohon makiyayi ya miƙe a cikin 'yan kallo yana yi masa kiran da ake yi wa shanu. Na tambaya wane irin kira ya yi, amma sun riga sun shiga wata hirar. Ɗan wasan ya miƙo mini kan, ƙahon hagu yana reto, cikinsa duk warin gumi. Ya ce, "Ka gyara kafin Asabar."

Ran Asabar aka yi wasan a Garuwa. Ina riƙe da igiyar labule, don haka ƙeyar bijimin kawai na gani, da dugadugan mutumin da ke ciki. Ba wanda ya miƙe. An dai yi tafi, na saki labule.