Baban Maigadi

A ofis babu mai kiransa da sunan da ke kan katin aikinsa. Baban Maigadi ake ce masa, kuma maigadin ba mutum ba ne. Fayil ne guda ɗaya a cikin sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin, wanda ya rubuta shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Kamfanin manhajar asibitoci yake yi. Ita ke riƙe sunayen marasa lafiya, ta ba kowa ranar ganin likita, ta tura masa saƙon tunatarwa a waya. Irin wannan manhaja ba dunƙule ɗaya ba ce. Ƙananan ɓangarori ne, masu aikin suna ce wa kowanne modul: wannan na lissafin kwanan wata, wancan na tura saƙo, wani na buga takarda. Idan ɗaya yana bukatar wani, sai ya kira shi da suna, sabar ta shiga folda ta ɗauko masa. Haka tsarin yake a ko'ina. Shi kuwa sai ya dasa fayil ɗinsa a tsakiyar hanya. Duk kiran da aka yi, maigadi ke fara ji. Ya dubi abin da ake nema, ya dubi mai neman, sannan ya yanke abin da zai miƙa. Wani a ba shi sabon modul, wani tsoho, wani kuma wanda aka yi wa faci a ɓoye.

Shi ne na shida cikin 'ya'ya tara na wani tela. Mahaifinsu in zai kira shi sai ya bi ta sunayen yayyensa biyu ko uku kafin ya iso nasa, wani lokacin ma ya gaji a hanya ya ce, "Kai, wane, miƙo almakashi." Bai taɓa zuwa na ɗaya a aji ba, bai taɓa zuwa na ƙarshe ba. Ya shiga kamfanin nan aka ba shi tebur kusa da injin buga takarda, ya shekara biyu mutane suna ajiye kofin shayi a gefen kwamfutarsa ba su lura da mutum a wurin ba.

Sai wata Litinin aka sabunta modul ɗin kwanan wata, saƙonni suka rikice. Gyaran gaskiya yana bukatar a taɓa wuri arba'in, aikin mako biyu. Shi kuwa ya rubuta layi ashirin da ke mayar da ɓangarorin da suka rikice ga tsohon modul, kafin azahar komai ya daidaita. Manaja ya fito daga ofishinsa, ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa, ya kira sunansa daidai tun karon farko.

Duk wanda yake son ya gane mutumin nan, to ya tsaya a kan wannan dafa kafaɗar.

Layi ashirin suka zama ɗari, suka zama dubu uku. Kowace matsala ta taso, maimakon a gyara ta a gindinta, sai ya ƙara wa maigadi doka ɗaya. Masu wannan sana'a suna barin ɗan bayani a gefen abin da suka rubuta, don na baya ya san dalili. Shi bai bari ba. In an yi magana ya ce babu lokaci, kuma ya gaskata kansa. Sabbin ma'aikata sukan buɗe modul su gyara, su gwada, su ga babu abin da ya canja, domin ba shi sabar take lodawa ba. Su yi ta zufa har wani ya tausaya musu ya ce, "Je ka gaida Baban Maigadi." Shi kuma ya juyo da kujerarsa a hankali, yana murmushin mai haƙuri.

A gida sunansa Baban Ummi. Matarsa malama ce, kuma Malama yake kiranta. Shekara biyu da suka wuce ta sami koyarwa a wata kwaleji, tafiyar awa bakwai a mota, ta tafi da 'yarsu. Sun yi da shi zai biyo su cikin wata uku. Yana zuwa duk ƙarshen wata, ya kwana biyu da kwamfuta a cinya.

"'Ya'ya biyu gare ka," ta ce masa wata rana tana guga. "Ɗaya in ya yi tari kana ji daga wani gari. Ɗayar kuwa haƙorinta ya fita tun makon jiya, har yanzu tana jiran ka lura."

"Haba Malama, na gani mana."

"Na sama ne ko na ƙasa?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

A bana aka sami gurbi a ƙaramin reshen kamfanin da ke garin Malama. Aikin amsa kiran asibitoci ne, babu sabar, babu maigadi. Ya rubuta takarda ya nema. Manaja ya karanta ya yi tsaki.

"Za a riƙe maka kujerar zuwa goma ga watan gobe. Amma ba za ka bar mana aljaninka ka gudu ba. Ka damƙa shi ga Anti Gwaji, ta fahimce shi, ta sa hannu. In ba ta sa ba, wani zan tura."

"In sha Allahu, yallaɓai."

Da ya gaya wa Malama a waya, sai ta ce, "To, Allah ya sa. Amma ka ji ni da kyau, Baban Ummi. Wannan ne na ƙarshe da zan tambaye ka yaushe. Na gaji da gaya wa yarinyar nan wata mai zuwa."

Anti Gwaji ita ce mai gwada duk abin da aka rubuta kafin a sake shi ga asibitoci. Ta haura hamsin, tabaranta a kan karan hanci, kuma ba ta taɓa zuwa gaishe shi ba. Ta buga dokokin maigadi duka a takarda, ta ɗauko jan biro, ta jawo kujera kusa da tasa.

"To, ƙanena, buɗe mini cikin ɗanka mu ga abin da ya haɗiye."

"A hankali dai, Anti. Yaron yana da kunya."

"Kunya? Wannan da ke yi wa kowa ƙarya da rana tsaka? Na nemi modul ɗin saƙo, ya ba ni kakansa. Wannan dokar ta mece ce?"

"Ta wani asibitin ido ce."

"Wanda aka rufe shekara shida? Allah ya jiƙan rai." Ta ja jan layi.

Haka suka yi mako uku. Abin da ya ba shi mamaki, aikin yana tafiya. Abin da bai gaya wa kowa ba, tafiyar aikin tana ci masa rai. Kowace doka in ya bayyana ta, sai ta koma ƙaramar aba, wauta ma wani lokacin. Anti ta rubuta dalilinta cikin jimla ɗaya, ko ta goge ta. Shekara goma sha ɗaya suna narkewa cikin littafinta mai bango kore. Ran nan wani ma'aikaci ya zo da tambaya, ya wuce ta bayansa, ya tsaya gaban Anti. Ta amsa ba ta ko ɗago kai ba. Amsar daidai ce.

Ranar ashirin ga wata suka iso doka ta ɗari biyu da goma sha biyu. Cewa take: in kira ya fito daga wata folda mai suna guntu, a ba shi tsohon modul ɗin kwanan wata.

"Na bincika ko'ina," in ji Anti. "Ban ga mai kira daga foldar nan ba. Ta wa ce?"

Ya sani. Ya tuna har rigar da ke jikinsa ranar da ya rubuta ta. Sashen wankin ƙoda ne na wani babban asibiti. Na'urarsu tsohuwa ce, tana rubuta rana kafin wata, sabon modul kuma wata yake fara karantawa. Binciken Anti ba zai nuna kiran ba, domin sai manhajar tana aiki take haɗa sunan foldar. Ya kuma san abin da ya fi wannan. In ranar ta wuce goma sha biyu, sabon modul yakan gane babu wata na ashirin, ya juya lambobin da kansa. Duk gwajin da za a yi yau zai fita lafiya. Sai sabon wata ya kama, huɗu ga watan shida ta koma shida ga watan huɗu, manhaja ta ɗauka ranar ta wuce, ta soke layin mutane.

Amsar jimla biyu ce. Ya buɗe baki. A ransa ya ga ofishin reshe, tebur kusa da ƙofa, waya tana ƙara, mutane suna ce masa mijin Malama.

"Wallahi ban tuna ba, Anti."

"A cire?"

"Ki gwada mu gani."

Ta cire, ta gwada, komai ya fito kore, alamar lafiya. Ta ja layinta suka wuce.

Kada a ce ya shirya mugunta. Mai shiri yana sanin abin da yake so. Shi a kwanakin nan ya ɗaure kayansa kwali uku, ya kai tasha ya aika wa Malama. Ya gaya wa mai gidan haya zai tashi. Ya saya wa Ummi jakar makaranta. Kowace safiya yana cewa yau zai tuna wa Anti, kamar abin ya faɗo masa ne yanzu. Kowace yamma ya tashi bai faɗa ba, ya ce ai akwai gobe. Mutanen da ke zuwa wankin ƙoda sau uku a mako bai bar su sun shigo tunaninsa da fuska ba. Layuka ne a allon kwamfuta.

Ranar biyu ga wata, ƙarfe tara da rabi, wayoyin ofis suka ɗauka gaba ɗaya. Mutum sittin suna zaune a barandar sashen wankin ƙodar, wasu an ɗauko su a kujera mai taya tun asuba, kwamfuta ta ce babu sunan ko ɗaya. Wata nas tana ihu a waya har ana ji daga teburin nesa. Manaja ya fito babu kwat. Anti tana ta juya littafinta.

"Ina Baban Maigadi?" in ji Manaja.

Ya daɗe bai ji an kira shi da wannan muryar ba. Ya juyo da kujerarsa. Ya buɗe tsohon kwafin fayil, ya gangara kai tsaye, ya mayar da dokar, ya sake tayar da sabar, ya dawo da sunayen da aka soke. Minti tara. Mutane sun kewaye shi suna kallon yatsunsa, kuma, Allah ya yafe masa, daɗi yake ji. Wani ya yi tafi. A can asibitin an fara kiran suna, sai dai wani dattijo ya riga ya suma a baranda, an wuce da shi ɗakin gaggawa.

Manaja ya share goshi. "Ka gani ko? Ka ga abin da nake faɗa? Babu inda za ka. Reshe zan tura wani. Anti, ki ajiye jan biron nan, kada a ƙara taɓa fayil ɗin mutane."

Da aka watse, Anti ta zo ta tsaya a gefen teburinsa. Ta cire tabarau, abin da bai taɓa gani ba.

"Doka ɗari uku da wani abu muka taɓa," ta ce a hankali. "Ba ka duba ko ɗaya ba. Wanda bai tuna ba ba ya tafiya kai tsaye haka, ƙanena."

"Anti, ai da na ji an ce ƙoda…"

"Kar ka ƙara mini. Ni ce na goge, ni ce za a rubuta wa takardar gargaɗi, na karɓa. Ba zan gaya wa Manaja ba, don ko na faɗa ba shi da wanda zai sa a kujerarka. Ka ci nasara. Allah ya ba dattijon nan lafiya, kai kuma ya ba ka abin da kake nema, in ka san shi."

Ta ɗauke kujerarta ta mayar wurinta.

Lokacin hutun rana ya sauka ƙasa, ya tsaya a inuwar janareta ya kira Malama. Ya ba ta labarin tiryan-tiryan: rikicin, ihun nas, minti tara, maganar Manaja. Ya ji muryarsa tana ɗagawa a wurin minti taran, ya yi sauri ya sauke ta.

"Ba laifina ba ne, Malama. Kin ga dai yadda abin yake. Wataƙila nan da wata shida…"

"To."

"To kawai?"

"Me kake so in ce? Na ce ba zan ƙara tambaya ba. Kayanka da ka aiko, in sa a mota a dawo maka da su?"

"Ki bar su mana, ai zan zo ƙarshen wata."

"Ɗakin ƙarami ne, Baban Ummi. Ina da aji yanzu."

"Ummi fa? Ba ni ita."

"Tana makaranta. Yau Talata."

Ranar Asabar wani direba ya kira shi ya je tasha. Rana ta take, ana ta lodin buhuna, ya tsaya a bayan motar yana jira a sauke. Yaran mota suka ajiye kwali uku a gabansa, ɗaurinsa ne, ba a ko kwance ba. Ya sunkuya zai ɗauka, direba ya ce, "Tsaya, maigida, da saura." Ya miƙo na huɗu, ƙarami, an naɗe shi da salatif da kyau, an rubuta lambar wayarsa da rubutun Malama.

A nan bakin tasha ya yage shi. Rigunan da yake bari a can don ƙarshen wata ne, an wanke an goge. Silifas ɗinsa na wanka a cikin leda. Cajar kwamfuta. Buroshin haƙori.

"Sun cika?" in ji direba.

"Sun cika," ya ce.