Sandar da Muka Tone a Kawo

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar abokina Ayuba, mai aikin wutar lantarki, kuma ban taɓa faɗin yadda abin ya faru a bainar jama'a ba. Waɗanda suka sani duk sun riga ni tafiya. Saura ni kaɗai, kuma da hannuna a ciki.

Lokacin naira tana sabuwa a hannun mutane, ni kafinta ne a wata ma'aikatar kujeru da gadaje a Kawo, ta wani Alhaji da ba zan kama sunansa ba. Ayuba mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, yana zaune a Abakpa, kuma kwano ɗaya muke cin tuwo da rana. Shi ya ja mana wuta zuwa injinan yanka katako. A bango ya kafa wani baƙin akwati da yake kira mai gadi. Ya ce idan wuta ta fara yoyo daga waya zuwa jikin inji, akwatin zai yanke ta da kansa kafin ta ja mutum ko ta kama garin katako.

Amma mai gadin ba ya aiki shi kaɗai. Daga jikinsa waya ta fita bayan gini zuwa wani rami, inda Ayuba ya kafa doguwar sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya binne. Da gangan ya haƙa ramin inda muke alwala, don ƙasar ta zauna da danshi. Kullum sai ya tuna mana mu zubar da ruwan a wurin.

Ni mutum ne mai bakin zolaya, kuma shi ya ja mini. Wata rana na ce masa a gaban mutane, "Ayuba, wai asirin nan naka sai da ruwan alwalarmu yake ci?" Ya yi dariya ya ce, "Sani, ka dai ci gaba da zubawa. Ran da ƙasar nan ta rabu da sandar nan, mai gadi ya makance." Ni da wasa na faɗa, amma akwai waɗanda ba su yi dariya ba.

Da bazara ta shigo, Ayuba ya tafi gida bikin ƙanwarsa. Bayan tafiyarsa akwatin ya fara yanke wuta, sau uku, sau biyar a yini, da an tayar da babban zarto. Aiki ya tsaya, masu kujeru suna sintiri. Sai maganata ta dawo da kaifinta: gawayi, gishiri, ƙarfe a binne, ga ruwan alwala. Aka kai wa Alhaji, ya ce a tone. Na san me sandar take yi, domin Ayuba ya yi mini bayani fiye da sau ɗaya. Amma na ji kunyar a ce ina kare abin da ni na fara kira asiri. Aka miƙo mini shebur na karɓa.

Daga ranar wuta ba ta sake yankewa ba. Kowa ya ce ai ga shi nan, an cire abin, aiki ya miƙe. Sai dai idan ka dafa jikin zarton za ka ji wani ɗan tsikari a tafin hannu, kuma wajen azahar akwai ƙauri kamar na roba a wuta. Muka ce zafin bazara ne. Muka mayar da ƙasa ramin, muka cusa bakin wayar a ciki don kada a gane.

Ayuba ya dawo ranar Juma'a da hantsi, ya kawo mini citta da doya. Ya tambaye ni ko mai gadi yana lafiya, na ce lafiya lau. Na ƙudura zan faɗa masa gaskiya bayan an sauko daga masallaci. Kamar kowace Juma'a, muka bar shi da wurin, injin goge katako yana ta juyi. Muna sahu aka fara nuna hayaƙi. Maƙwabta sun ce ya fito lafiya, ya tsaya yana jiran akwatinsa ya yanke wutar, da ya ga shiru sai ya koma ciki ya kashe da hannu. Bai sake fitowa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Kaduna ta yau. Akwatunan yanzu sun fi nasa ƙanƙanta da saurin ji, na san da sun burge shi. Amma da ya leƙa bayan shaguna a kasuwa ya ga wayoyi a cukurkuɗe, ga janareta, ga firiza, ga akwatin an tsallake shi da guntun waya saboda wai yana damun mutane, ina jin da ya gane mu sarai. Har yau abin da ke yi mana gargaɗi shi muke fara cirewa.

Ayuba bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage nasa shi ne sandar nan da muka tone, na kafa ta a bayan ɗakina, wadda nake zuba wa ruwan alwala sau biyar a rana.

Ɗana yana da shagon kafinta a Rafin Guza. Makon jiya na je, na dafa jikin zartonsa, na ji tsikarin nan a tafin hannuna. Na tambaye shi ina akwatin mai gadinsa, ya ce ya cika yanke wuta, an yi masa dabara. Na zauna a kan benci na ba shi labarin nan tun daga farko, abin da ban taɓa yi ba. Ya saurara cikin ladabi, ya ce, "To Baba, in sha Allahu za a duba bayan Juma'a."