Ƙaryar da Na Yi wa Rijiya

Damina biyu gidanmu na Talata Mafara ya yi a kasuwa. Gidan gado ne. Da surukina ya rasu, maigida da yayarsa suka yarda a sayar a raba. Ita ta fi matsuwa. Ta baro Damaga da marayunta huɗu saboda rashin kwanciyar hankali, suna zaune a wani kango da aka ara musu, ko ƙyaure babu.

Masu saye kuwa ba su cikin sauri. Mutum zai zo da dillali, ya ƙwanƙwasa katanga da ɗan yatsa, ya ce zai yi shawara, shi ke nan. Wani ya taya, dillali ya ce albarka, a tashi ana dariyar da ba ta kai ciki ba. Akwai wanda ya zo sau uku, ashe inuwar zauren yake so.

Ni kuwa duk wanda ya tafi sai na ji sanyi a raina. Na san rabon maigida ba zai saya mana komai ba sai fili a bayan gari, inda ba maƙwabci. Ina da goyo, ga 'yar shekara uku. Ko buhu iska ta kaɗa sai gabana ya faɗi. Ban taɓa gaya masa ba.

Da yake namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, mai saye a zaure yake tsayawa, ya turo mace ta gano masa. Ni ke zagayawa da su.

Wata Laraba wani manomi daga Dosara ya turo mahaifiyarsa. Tun daga gaisuwa na gane wannan da gaske ta zo. Ba ta kushe komai ba. Ta auna ɗaki da taku, ta shafa dabe, ta tsaya a gindin zogale tana cewa nan za ta ɗaure akuyarta. Sannan ta leƙa rijiya.

"Ɗiyata, ruwan ga na da daɗi?"

"Inna, zartsi gare shi," na ce. "Wanki kawai muke yi da shi."

Alhali da ruwan na dama kunun yarana da safen ranar.

Ta dafa kafaɗata. "Allah shi yi miki albarka. Wata da ɓoye mini za ta yi."

Ba su dawo ba. Abin da ban hanga ba shi ne maganar za ta yi ƙafa. Kafin kasuwa biyu ta ci, har mai kayan miya ta san rijiyarmu zartsi ce. Dillali ya daina kawo kowa. Maigida ya yi ta ɗanɗana ruwan yana girgiza kai, yana cewa mahassada ne. Ni ke miƙa masa kofin.

Damina ta sauka. Duk ranar da hadari ya taso sai in tuna kangon da yayar maigida ke ciki. Na shiga aika musu tuwo, har da ranar da namu bai isa ba, amma ban iya zuwa da ƙafata ba.

Ita ta zo. Bayan wani ruwan safe ta shigo da autarta a baya, yarinyar tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya ɗaya. Sannan ta ɗauki guga ta jawo ruwa da kanta, ta sha a tafin hannu.

"Da ruwan ga aka yi mini wankan jego," ta ce. "Wa ya san shi da zartsi? Namiji dai ba ya shigowa nan."

"Yaya, ni ce."

Na faɗa mata duka, har da tsoron da nake yi wa bayan garin, ina kuka. Na so ta zage ni. Sai ta gyara goyonta kawai.

"Tsoro kike ji? Ni a cikinshi nike kwana."

Da yamma na gaya wa maigida. Kwana uku bai ci abincina ba. A na huɗu ya ɗauko amalanke ya kwaso kayan yayarsa. Na kwashe nawa daga babban ɗaki na bar mata, ta shiga da yaranta.

Gidan yana nan, ba a saya ba. Jefi-jefi wata takan shigo gani. Kafin ta gama sallama na jawo guga na cika mata kwanon sha. Wasu su sha su yi hamdala. Wasu su kai baki kawai su ajiye, su ce ai sun ji labari. Yaya tana bakin murhu tana jinmu, ba ta ɗago kai.