Sallamar Inna a Gidan Shugaba

Wata Asabar bayan yankan gero, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, kakata, wadda muke kira Inna, ta tashe ni da sassafe ta ce in ɗauko ƙwaryar ƙwan zabbi mu tafi. Ta yi shekaru tana cewa sai ta je ta yi wa iyalan wani tsohon shugaban ƙasa gaisuwar rasuwa, domin a shekarar yunwa hatsin da aka raba a zamaninsa ne ya hana ta binne babana. Kullum ana ce mata sai baɗi, har ƙafa ta fara gaza mata.

A tashar Matameye muka shiga motar kasuwa, mu da awaki da buhunan gyaɗa, ina rungume da ƙwarya kamar jinjiri. Sau uku muna sauya mota. Ba mu isa ba sai da la'asar ta sakaya, ƙafafun Inna sun kumbura, ni kuwa yunwa ta sa na daina ko tambayar mun kusa.

Gidan a share yake fes, amma babu kaza, babu hayaƙin murhu. Inna ta tsaya a bakin zaure ta yi sallama. Shiru. Ta sake, ta kuma sakewa. Wani gardi mai tsaron gidan ya taso daga inuwa ya ce, "Iya, shiga kawai, ba kowa. Gidan tarihi ne yanzu, kallo ake zuwa." Har na zura ƙafa don na hango hotuna, ta fizgo ni. "Gidan da ba a amsa sallama ba, ba a shigarsa." Gardin ya yi lallashi har ya gaji. Ta tambaye shi wa za ta yi wa gaisuwa, ya ce iyalan duk sun koma birni. Sai ta miƙa masa ƙwaryar, ta zauna a dakali tana haki, ta ɗaga hannu ta yi wa mamacin addu'a, hawaye na zuba. Ni dai haushi na ji, wahalar banza, ko leƙe ban yi ba.

Inna ba ta ga wata damina ba. Bara na koma gidan, na tarar da jama'a suna shiga da fita, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Na bi su ɗaki ɗaki, na fito a gajiye ina kewarta. Na ga duk abin da ta hana ni gani, amma ita ce ta ziyarci gidan, ni ratsawa kawai na yi.