Ƙwayar Waken da Ta Rage

Jiya a kasuwar Ɗanbatta na tsoma hannu cikin buhun wake, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Har yau ban huce ba.

Tsohon malamin kimiyya ne. Wata la'asar ya zube farin wake da ja a tabarma, yana ɗauke su bibbiyu, har fari ɗaya ya rage.

"Haka aka yi a farkon halittar duniya," in ji shi. "Kowace ƙwayar zarra ta zo da akasinta, suka cinye juna. Ɗan abin da ya rage ne ya zama mu da taurari. Abin da ke riƙe da taurarin kuwa ba ya ganuwa. Je ki karanto dalilin da ya sa aka samu ragowar, ina nan ina jiranki."

Na tafi jami'a. Ashe ciwo ya kwantar da shi, ya hana a gaya mini don kada in bar jarrabawa. Kullum a waya sai ya ce, "Lafiya lau." Inna ma ta biye masa. Da na dawo, kabari aka nuna mini.

Kawu, malamaina ma ba su san dalilin ba. Ko wannan ai da ka bari na zo na faɗa maka. Allah ya haskaka kabarinka, ya ba ni ikon yafe maka.