Kwanon Haruna da ƙuli-ƙuli biyu

Damina tara ke nan da muka kai Haruna makwancinsa a Maijirgi. Ni da shi sa'o'in juna ne, tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare aka turo mu lise, babbar sakandare, a Tasawa muna koyar da shimi, wato ilimin sinadarai. Bana zan aje alli in tahi ritaya, kuma abin da ke cina a rai shi ne darasi guda, kada ya bi ni gida ya mutu.

Darasin elektronegatibite ne, wato ƙarhin da atom ke da shi na jawo elektron zuwa gare shi in ya haɗu da wani. Yara ba su kama shi daga tablo, allon aji. Sai Haruna ya samo dabara. Mu haɗa azuzuwanmu, ya zo da kwano da ƙuli-ƙuli biyu ciki, su ne elektron, mu zauna ƙasa kamar za mu ci tuwo.

"Idirojen da idirojen," in ji shi, kwano na tsakiya, ba mai cutar wani. "Yanzu ni kulor ne." Sai ya jawo kwanon kusa da gwiwarsa, ni kuma hannuna bai saki ba. Daga ƙarshe ya mai da ni sodiyom, shi yana nan kulor, haɗin da ke ba da gishiri, ya fizge kwanon ɗungurungum, in miƙe in bi shi ina roƙo. Kai, Haruna! Ko sau ɗaya bai yarda na zama kulor ba. In na yi ƙorafi ya ce, "Kai Isuhu, dubi hannunka, wa za ka ƙwace wa?" Aji ya kwashe da dariya, amma ranar jarrabawa ba mai mance dalilin da ya sa gishiri ke riƙe da kansa.

Bayan rasuwarsa na ci gaba da kawo kwanon. In zaunar da ɗalibi gabana in ce ja. Ina! Yaron da aka tarbiyyantar kada ya riga babba kai hannu kwano, ta yaya zai fizge daga hannun tsoho? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe," wato malam, "ku ɗauka." Haka nike ta fama duk shekara, ni ke ja, ni ke saki, kamar mai dara shi kaɗai. Matasan malamai kuwa suna da bidiyo cikin salula, ƙwallaye masu launi suna ta yawo. Da Haruna na nan, na san zai ce abin ya yi kyau, sannan ya tambaya ko yaran sun ji an ƙwace musu wani abu.

Makon jiya na yi darasin karo na ƙarshe. Gwiwata ta hana ni zama ƙasa, sai na kira Rakiya da Zuwaira, ƙawaye biyu masu yawan surutu. Wallahi kamar su kifar da kwanon! Zuwaira ta fizge, Rakiya ta bi ta har bakin ƙofa tana cewa, "Ke, ba ni abina!" Ajin duka ya gane. Sabon malamin da zai gaje ni ya tambaya ko zan bar mishi kwanon, na ce ya ɗauka.

To, darasin Haruna ya tsira, sa'o'in juna biyu kawai yake buƙata. Na tsaya jikin bango ina kallonsu suna dariya, na yi murna, kuma kewa ta kama ni. Allah ya jiƙanka, abokina. Tun da ka tahi kowa girmama ni yake, ba wanda ke ja da ni.