Lambar da Mushe Bai Ji Ƙarshenta Ba

Shekarun baya da ɗan dama, ina sabon malamin lissafi a Magaria, na sayi wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, a hannun wani ɗan'uwanmu mai kai-komo Kano. Mutane suna sayen irinta su kalli fim. Ni kuwa da nake ganin kaina wani ne, sai na saka mata manhajar neman lambobin nan marasa rabuwa, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu, kamar bakwai ko goma sha uku. Manhajar takan karɓo maka wata ƙatuwar lamba ta intanet, mai tsawon da ba kayen ɗan lakwal, wato littafin rubutun ɗan makaranta, da zai ɗauke ta, ta yi makonni tana gwada ta, a ƙarshe ta gaya maka ko tana rabuwa ko ba ta rabuwa. Kusan kullum amsar ita ce tana rabuwa, kuma na san da haka tun farko.

Wanda ya sa mini son abin shi ne tsohon mushenmu, wato malaminmu, wanda ya koya mini lissafi a Dungass. A lokacin ya ajiye aiki ya dawo Magaria, ciwon suga ya riga ya tafi da idanunsa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan biya in gaishe shi. Ranar da na ba shi labarin manhajar, ya saurara har na gama. Can ya ce, "Ɗana, ni ba na kwaɗayin a ce lambar ta fito marar rabuwa. Ina so dai in ji an gwada guda ɗaya har ƙarshe a garin nan, ina da rai."

Na ce masa in Allah ya yarda zai ji. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, kamar abin a aljihuna yake.

Ƙwaƙwalwar na'urar tana da sassa huɗu masu aiki, da Faransanci zukata ake ce musu. Wajen saita manhajar sai ta tambaye ni abu biyu: ma'aikata nawa nake so, kuma zuciya nawa kowane ma'aikaci zai riƙe. Ma'ana, ko in tara zukatan huɗu a kan lamba ɗaya su gama da wuri, ko in ba kowace zuciya lambarta su tafi a hankali. Na kira abokina mai gyaran ordinata a Damagaram. Bai ɓata lokaci ba ya ce in tara su wuri ɗaya, domin kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, ba abin dogaro ba ne, kuma na'urar ta tsufa.

Na ƙi. Har da yi masa darasi. Na ce mahaifina bai taɓa zuba irinsa a gona ɗaya ba, yana da ƴar gona wajen Yekuwa, wata a bayan ƙauyenmu, wata a fadama, saboda ruwa yakan sauka nan ya tsallake can. Abokina ya yi dariya ya ce lamba ai ba gero ba ce, amma na'urata ce, in yi yadda na ga dama. Gaskiyar da ban faɗa masa ba, haɗama ce. Ina son ƙofa huɗu maimakon ɗaya, ko Allah zai sa sunana ya shiga cikin waɗanda suka gano sabuwar lamba. Na rubuta ma'aikata huɗu, zuciya ɗaya ga kowanne, na danna.

Daga nan aka shiga jira. Bazara ta shigo da zafinta, kuran ya zo awa uku ya tafi awa biyar, na'urar ta yi zafi ta rage gudu ko da na juya mata bantilatar, fankar da ni ma nake bukata. Layuka huɗu a kan gilashi, kowanne yana rarrafe. Duk Juma'a Mushe ya tambaye ni ina aka kwana, in ce kashi goma sha biyu cikin ɗari, wata Juma'ar in ce goma sha bakwai. Ban taɓa gaya masa na raba aikin gida huɗu ba. Shi kuwa ido ne kawai ya rasa, kansa garau. Wata rana ya yi lissafinsa a zuci ya ce tafiyar nan ta yi nawa da yawa, ba haka na kwatanta masa da farko ba. Na ɗora wa kuran laifin duka. Ya ce to, Allah ya kyauta. Na fito gidan ina jin kunyar kaina.

Wajen tsakiyar damina wani miki ya fito wa Mushe a ƙafa ya ƙi warkewa. Aka kai shi likita, aka yi kwanaki, aka dawo da shi gida. Da na ga yadda ya koma, hankalina ya tashi. Na sake kiran abokina, na ce ina son in tara zukatan amma ina tsoron aikin wata huɗu ya goge a koma sifili. Ya ce wa ya gaya mini haka? Manhajar tana ajiye inda ta tsaya, in na canza saitin daga nan za ta ci gaba. Tun yaushe da na tambaya da ya gaya mini.

Ban taɓa tambaya ba. Ni na ƙirƙiro tsoron, na zauna a kansa wata da watanni.

Na buɗe saitin, na mayar da huɗu ɗaya, na mayar da ɗaya huɗu. Ko minti guda bai ɗauke ni ba. Na zaɓi lambar da aikinta ya fi yin nisa, zukatan suka taru a kanta, manhajar ta nuna saura kwana tara in an samu wuta. Na ari batir da pano mai tara hasken rana a wurin maƙwabcina don kada ta tsaya. Na je na durƙusa kusa da tabarmar Mushe na ce, "Mushe, saura kwana tara." Ya laluba ya kama hannuna, ya ce Allah ya kai mu.

A rana ta shida bayan azahar ya rasu.

Ranar sadakar uku aikin ya ƙare. Layi ɗaya ne kawai, lambar tana rabuwa. Da la'asar na shiga cikin gidan Mushe in yi wa matarsa gaisuwa, wadda tun muna ƴan lakwal muke ce wa Inna. Da mata suka rage, ta kira ni kusa. Ta ce da safiyar ranar da zai cika ya yi ta tambaya ko na gama.

"Na ga ya damu, sai na ce masa ka gama," in ji ta. "Sai ya ce, to me ta ce? Ɗana, ban san abin da zan gaya masa ba."

Na ce Allah ya jiƙansa, na tashi.

Mutane sun ce mini kwanansa ne ya ƙare, kuma haka ne, ban isa in ƙara masa ko numfashi ɗaya ba. Amma ba tsawon rai ya roƙe ni ba, amsa ɗaya ya roƙa, kuma wannan tana hannuna. Na yi lissafin sau ba adadi, ta kowace hanya, ina neman inda zan samu sassauci, ban samu ba. Da na tara zukatan tun ranar farko, da ya ji amsarsa kafin ruwan fari ya sauka, yana zaune da ƙafarsa lafiya, har ya yi mini tsiyar cewa duk wannan wahala a kan lamba mai rabuwa.

Abin yana ci mini rai har yau, kuma ban ga alamar zai daina ba. Sauran lambobi ukun ban ƙarasa su ba. Na kashe na'urar a daren... a'a, da rana tsaka na kashe ta, washegarin sadakar, na mayar wa maƙwabcina batirinsa. Ya tambaye ni ko aikin ya yi kyau, na ce masa an gama.